Daga ina Kimi Antonelli ya ɓullo har Mercedes ta ba shi mota?

Malam, kana mamakin yadda aka ɗora yaro ɗan shekara 18 a 2025 a kujerar da Lewis Hamilton ya bari a Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Ba daga sama ya faɗo ba. Ka koma kakar 2022 ta gasar Formula 4 ta Italiya, a nan ya nuna bajintarsa.

Formula 4 ita ce matakin farko bayan yaro ya gama da ƙananan motocin kart, ana shiga daga shekara 15. Kowa mota iri ɗaya yake tuƙawa: ƙirar Tatuus, injin Abarth, tayoyin Pirelli. Ba wanda zai ce injinsa ya fi na wani, sai dai hannu da iya saiti. A shekarar 2022 ɗin aka shigo da sabuwar mota mai ƙarfen nan da ke kewaye kan direba.

Zagaye bakwai aka yi, har da Spa a Beljiyam da Red Bull Ring a Austiriya, duk da sunan gasar ta Italiya ce. Antonelli, a ƙungiyar Prema, ya ci tsere 13, ya bar Alex Dunne a na biyu. Kuma a kakar dai ya haɗa da kofin Formula 4 na Jamus. Ni abin da ya fi burge ni ke nan, gasa biyu a lokaci guda, yaro bai ma isa karɓar lasin tuƙi a titi ba!

Daga nan ya lashe Formula Regional ta Turai a 2023, ya tsallake Formula 3 ya faɗa Formula 2 a 2024.