Amsa kan maganin ɗigawa da ya jawo wa yaro hawan jinin ido

Hajiya, kin ce ɗanki ya daɗe yana fama da ƙaiƙayin ido, kina sayo masa maganin ɗigawa a kemis har tsawon watanni, yanzu kuma likita ya ce hawan jinin ido ya kama shi, kina tambaya ko maganin ne sila kuma ko zai warke. Allah ya ba shi lafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen ido, kuma irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, musamman idan hunturu ya shigo da ƙurarsa.

Ki fara duba kwalbar. Idan kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikinta, to sitiroyid ne, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, kuma zarginki yana da tushe. Sunan da muke kiran ciwon ma yana ɓatar da mutane, domin ba jini ne yake hawa ba, ruwa ne. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa dare da rana, ruwan kuma yana fita ta wata 'yar matata mai kama da rariya da ke gefen baƙin ido. Masu bincike sun gano cewa sitiroyid yana sa tarkace su taru a ramukan rariyar nan, yana sandarar da ƙwayoyin da ke cikinta, yana kuma rage musu ƙarfin share dattin da suka saba sharewa. Ruwa ya rasa mafita, matsin ido ya wuce mizaninsa na 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci, jijiyar gani ta fara lalacewa ba tare da wani zafi ba.

Tun a shekarun 1960 wasu likitoci biyu a Amurka, Armaly da Becker, suka gwada ɗiga wa mutane maganin na makonni huɗu zuwa shida. Kusan ɗaya cikin uku matsin idonsu ya ɗaga, kimanin 5 cikin 100 kuwa ya hau ƙwarai. Yara da waɗanda ciwon yake cikin danginsu sun fi shiga haɗari. A 1997 aka gano ƙwayar gadon da ake kira myocilin, wadda sitiroyid ke zaburar da ita a cikin rariyar, sai dai har yau babu gwajin da zai nuna tun farko wa zai kamu, awon matsin ne kawai madogara.

Ba na manta wani yaro da mahaifinsa ya kawo mana, kwalabe huɗu da suka ƙare a aljihun babbar rigarsa, yana yaba maganin cewa da an ɗiga ido ke yin fari fat. Da muka rufe wa yaron ido ɗaya, yatsun hannuna ma bai iya ƙirgawa ba. Ni dai a ganina laifin bai kan uban, yana kan wanda ya riƙa miƙo masa kwalba ba tare da takardar likita ba.

Batun warkewa kuwa, idan an daina maganin da wuri, matsin yakan sauka cikin 'yan makonni a yawancin mutane. Kada ki yanke shi da kanki, likita ne zai janye shi a hankali ko ya musanya da mai sauƙi kamar fluorometholone ko loteprednol. Kafin matsin ya sauka akan ba da timolol ko dorzolamide, amma ki gaya masa idan yaron yana da asma, domin timolol yana iya tayar da ita. Idan ɗigo ya gaza, akwai aikin leza da kuma tiyatar buɗa wa ruwan sabuwar hanya. Abin da jijiya ta riga ta rasa ba ya dawowa, abin da ya rage ake ceto.

Ki tafi da duk kwalaben ranar da za ku koma asibiti, ki roƙa a duba jijiyar ganinsa da faɗin ganinsa, a kuma rubuta a katinsa cewa sitiroyid yana tayar masa da matsin ido, domin ko man shafawa a fatar ido ko na shaƙa zai iya maimaita masa haka.