Me ya sa kantocin manyan shaguna ke zama wayam?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan makonnin nan duk sanda na shiga babban kantin da nake sayayya sai in tarar da wasu kantoci wayam. Yau babu ƙwai, gobe babu man girki, jibi kuma madarar jarirai. Idan na tambayi ma'aikatan, ba sa cewa komai illa "bai zo ba tukuna". Shin abincin ne yake ƙarewa, ko masu kantin ne ke ɓoye kaya don su tsauwala kuɗi? Kuma ko ya kamata in fara jibge kaya a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki. A mafi yawan lokuta kayan suna nan, ba su dai iso inda kike ba a ranar da kika je. Amsar da ma'aikatan suka ba ki tana da ban haushi, amma galibi gaskiya ce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babban kantin zamani ba ya ajiye kaya masu yawa. Mai sayayya yana ɗauka akwai wani ƙaton sito a baya maƙare da kwalaye. Ɗakin da ke bayan ƙarami ne, kuma abin da kike gani a kanta kusan shi ne duk abin da suke da shi. Hayar wuri tana da tsada, kayan da ke zaune kuɗi ne da aka ɗaure, wasu kuma lalacewa suke yi. Shi ya sa shagunan suka rungumi tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata, wanda kamfanin Toyota na Japan ya shahara da shi. Duk abin da aka sayar kwamfuta tana lissafawa, ta tura oda zuwa babban rumbun rarrabawa, tirela ta taso cikin dare ta cike gurbi kafin gari ya waye. Tsarin yana rage asara, yana kuma sauƙaƙa farashi. Illarsa ita ce ba shi da rara. Mota ɗaya ta makara, kanta ta bushe.

Ko a lokacin da babu wata fitina ma ana samun haka. Wani babban bincike da aka fitar a 2002, wanda masana Gruen da Corsten suka jagoranta, ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 na kayan shaguna ba sa kan kanta a kowane lokaci, kuma mafi yawan laifin a cikin shagon yake. Misali, kwamfuta tana nuna akwai kwalba goma sha biyu na wani mai, alhali biyu sun fashe, an sace uku, sauran kuma suna ƙarƙashin wani tari a ɗakin baya ba wanda ya fito da su. Tunda a lissafinta akwai kaya, ba za ta yi oda ba. Haka gurbin zai zauna har sai wani ma'aikaci ya lura ya gyara adadin da hannu.

Sai kuma matsalar hanya. A watan Maris na 2021 jirgin dakon kwantena Ever Given ya tokare mashigin Suwez na kwana shida, jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko, kuma an daɗe ana jin raɗaɗin a tashoshin jiragen ruwa bayan an janye shi. A shekarar ce Birtaniya ta yi fama da ƙarancin direbobin manyan motoci, inda ƙungiyar masu sufurin kaya ta ƙasar ta ƙiyasta giɓin ya kai kusan 100,000. Abinci yana rumbu, wanda zai tuƙo shi ne babu. Wanda ya fi ba ni mamaki ya faru a Satumban wannan shekarar. Tsadar iskar gas ta sa kamfanin CF ya dakatar da masana'antunsa biyu na takin zamani a Ingila. Wa zai ce taki yana da alaƙa da naman da ke cikin firjin kanti? Ashe a wajen yin takin ne ake samun iskar da ake sa wa lemon kwalba, ake cusawa cikin ledar nama don kada ya yi saurin lalacewa, ake kuma amfani da ita a mayanka. Sai da gwamnati ta sa kuɗi aka sake tayar da ɗaya daga cikin masana'antun biyu.

Akwai wani abu da zan so ki fahimta sosai, domin shi ne ke sa ƙaramar matsala ta kumbura. Kamfanin Procter & Gamble ya taɓa lura da cewa odar Pampers da ke zuwa masa tana hawa da sauka sosai, alhali jarirai ba sa canza yawan abin da suke amfani da shi daga mako zuwa mako. Dalilin shi ne kowa a layin yana ƙara ɗan kaɗan don gudun kada a bar shi a baya. Masu saye sun ƙara kaɗan, mai shago ya ninka odarsa, dillali ya ga haka ya ninka tasa, kafin saƙon ya kai masana'anta ya zama dutse. Masana na kwatanta shi da bulala: hannu ya ɗan motsa, amma bakinta ya yi tsalle mai nisa. Daga baya kuma sai kaya su yi yawa a rasa mai saye.

Abin da ya faru a farkon annobar korona a 2020 ke nan. Ana ta zagin masu cika amalanken kanti da takardar bayan gida, kuma lallai an yi su, amma ba su ne suka fi yawa ba. Miliyoyin mutane ne kowa ya ƙara ɗauri ɗaya a kan abin da ya saba, kuma kowa ya koma cin abinci sau uku a gida. Kayan da ake yi wa otal-otal da makarantu da ofisoshi daban suke, a manyan buhuna da jarkoki, ba za a iya juya su zuwa kanti cikin mako guda ba. A Birtaniya gari yana nan a injinan niƙa, injinan zuba shi a ƙananan jakunkuna ne suka gaza. A Amurka kuwa an ga manoma suna zubar da madara a daidai lokacin da kantoci ke taƙaita yawan da mutum zai saya.

Ba na cewa babu ƙarancin gaske. Akwai, kuma alamarsa daban ce: abu ɗaya ne zai ɓace a duk shaguna, na kowane kamfani, ya daɗe, farashinsa kuma ya yi ta hawa. Murar tsuntsaye tana yi wa ƙwai haka idan aka hallaka miliyoyin kaji, domin sabuwar kaza sai ta yi watanni kafin ta fara saka ƙwai. Yaƙin Ukraine a 2022 ya yi wa man sunflower haka, kasancewar ƙasar ce kan gaba wajen fitar da shi. A Fabrairun 2023 sanyi da rashin kyawun yanayi a Sifaniya da Maroko sun sa manyan kantunan Tesco da Aldi a Birtaniya suka ƙayyade wa kowane mai saye tumatir da tattasai da kokwamba uku-uku. Mafi muni shi ne na madarar jarirai a Amurka a 2022, bayan rufe masana'antar Abbott da ke Sturgis a jihar Michigan a watan Fabrairu. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar, don haka tsayawar masana'anta guda ta girgiza ƙasa baki ɗaya, har aka riƙa jigilar madara daga Turai da jiragen soja.

Game da ɓoye kaya, ba zan rantse wa kowane ɗan kasuwa ba. Sai dai babban kanti ba ya cin riba da kanta marar kaya. Ribarsa a kan kowane abu 'yar kaɗan ce, da yawan ciniki yake rayuwa, kuma wanda ya fita hannu rabbana yana iya komawa wani shagon ya zauna can. Inda ɓoyo ya fi ƙamari shi ne inda hukuma ta ƙayyade farashi ƙasa da kuɗin samar da kaya, kamar yadda aka gani a Venezuela, inda kaya suka ƙaurace wa kantoci suka koma kasuwar bayan fage.

Batun jibge kaya kuwa, ban ba ki shawarar haka ba. Ajiye abin da zai ishe gidanki mako ɗaya ko biyu na kayan da ba sa lalacewa dabara ce mai kyau, amma ki tara shi sannu a hankali lokacin da kaya ke wadace, kina amfani da tsohon kafin sabon. Ki tambayi ma'aikatan ranar da motarsu ke zuwa da sa'ar da suke jera kaya, ki kuma yarda da wani samfurin idan naki ya yanke. Madarar jarirai ce kaɗai zan ware. Idan ta yi wuya, kada ki ƙara mata ruwa don ta daɗe, kada kuma ki haɗa taki a gida, domin duka biyun suna iya cutar da jariri. Ki nemi likita ko ma'aikaciyar jinya ta faɗa miki wace iri za ki koma.