Kafin Ka Sayi Sabon Inji: Amsoshin Tambayoyinku Kan Faɗaɗa Kasuwanci

Tambaya daga Kura, jihar Kano: "Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin casar shinkafa, injina yana cashe ton ɗaya a awa. Na tara naira miliyan 90, kuma wani dillali ya kawo mini hoton inji daga Sin mai cin ton uku a awa, ya ce da sayensa da kawo shi miliyan 70 ya isa. 'Yan'uwana na cewa in saya kada dala ta sake tashi. Mece ce shawara?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka saye shi yanzu, kuma ga dalilina.

Inji mai ton uku a awa, idan ya yi awa takwas, ya cinye ton 24 na shanshera a wuni ɗaya. A kwana shida ton 144 ke nan. Ka je Dawanau ko ka kira masu kawo maka kaya daga Haɗeja, ka ji farashin ton a yau, ka ninka. Za ka ga miliyan 20 da za su rage a hannunka ba za su ciyar da wannan inji mako guda ba. Kuma ban sa kuɗin daɓe da rumfa ba, da taransifoma ko janareto mai ƙarfin da zai ja shi, da kuɗin makanikin da zai kafa shi. Dillali ba ya sa waɗannan a lissafinsa, domin ba shi zai biya ba. Ƙarshenta sai ka wayi gari da sabon inji lulluɓe da tamfol, kana bin masu shinkafa suna kawo maka aikin casa kana karɓar lada, alhali da kai ke saye kana sayarwa.

A wannan sana'a riba tana wajen sayen shanshera a kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da take da sauƙi, da kuma saurin juya kuɗin. Wanda ya zuba jarinsa cikin ƙarfe ya shiga kaka hannu rabbana, ya rasa ribar shekara tun kafin a kunna injin.

Ga abin da nake so ka yi a mako biyu masu zuwa. Ka sa yaro mai amana ya riƙe littafi, ya rubuta duk lokacin da injin da kake da shi ya tsaya, da abin da ya tsayar da shi. Rashin wuta ne? Bel ne ya tsinke? Ko kuwa shinkafar da aka turara ce ba ta bushe ba? Ina kyautata zaton na ukun ne zai fi yawa. Duk wanda ya bi ta Kura ya ga shinkafa shanye a fili, samari na juya ta da ƙafa da manjagara, da hadari ya haɗu kowa ya ruga yana tattarawa. Idan a nan aikinka ke maƙalewa, ko inji mai ton goma ka kawo, abin da rana ta busar kawai zai cashe. Kuɗin ya fi dacewa da tukwanen turarawa masu kyau, da na'urar busarwa, da injin cire tsakuwa idan ba ka da shi. Matar da ta taɓa tauna tsakuwa a shinkafarka ba za ta sake tambayar buhunka ba, kuma tsabta da ƙarancin karyayya su ne ke ƙara wa buhu daraja a kasuwa.

Batun dala kuwa, tsoron 'yan'uwanka yana da tushe. A Yunin 2023 dala ta hukuma tana wajen naira 460, kafin watanni tara ta haura 1,500. Amma akwai wani ɓangaren da ya kamata su tuna. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci har tsawon kwana 150, ciki har da shinkafa, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai. Wanda ya ci bashi ya faɗaɗa bisa lissafin tsohon farashi shi ya fi jin jiki.

Idan bayan kaka biyu littafin ya nuna injin ne da gaske ya yi maka kaɗan, to ka saya, amma da sharuɗɗa a rubuce. Ka je ka ga irin injin yana aiki a wani kamfani a nan gida, ka keɓe da makanikinsu ka tambaye shi inda yake samun kayan gyara. Kuɗin ya bi ta banki da Fom M, wato takardar shigo da kaya daga waje da ake cikewa ta banki, kada ya bi ta aljihun dillali. A biya kashi-kashi, kuma kashi na ƙarshe ya zauna a hannunka sai an kafa injin ya cashe shinkafarka a gabanka.

Tambaya daga Katsina: "Ina sana'ar fiya wata da ƙanƙara. Dizal ya cinye mini riba. In sayi sabon janareto mai ƙarancin shan mai ne, ko in haƙura in sa sola? Masu sola biyu sun ba ni farashi, ɗaya ya kusa ninka ɗaya."

Hajiya, barka da ƙoƙari. Sola nake ba ki shawara, amma ba duka lokaci ɗaya ba, kuma kada ki sayar da tsohon janareton. Kin tuna Oktoban 2024, lokacin da akasarin Arewa ta yi fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layuka. Wutar ma da take zuwa ta yi tsada: a Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan awanni, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kafin a ɗan rage. Mai sana'ar sanyi ba za ta jingina da hanya ɗaya ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Ki haɗa abin da kike kashewa a dizal da gyaran janareto a wata guda, ki cire abin da za ki ci gaba da kashewa ko da kin sa solar. Abin da ya rage ki raba kuɗin solar da shi, amsar ita ce watannin da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. Idan ta faɗo ƙasa da shekara uku, ni a ganina ciniki ne mai kyau.

Bambancin farashin mutanen nan biyu yawanci a batir yake. Ki tambaye su wane iri kowa ya sa, na litiyom ko na ruwa, da shekarun garanti a rubuce. Araha ba ta ado, musamman a zafin Katsina da ke saurin kashe batirin ruwa. Hanyar rage kuɗi ta gaskiya ita ce ki mayar da aiki mai nauyi zuwa rana, wato jan ruwa daga bohol da ɗura leda da daskarar da ƙanƙara, tsakanin hantsi da la'asar, sai buƙatar batir ta ragu sosai. Ki kuma tabbatar sun auna ƙarfin da firiza da famfo ke ja a lokacin tashi, domin ya ninka wanda suke ja suna cikin aiki, kuma nan ne ƙaramar inbata, na'urar da ke juya wutar sola da batir zuwa irin wadda injuna ke amfani da ita, ke ƙonewa. Da hunturu a sa wanda zai riƙa share ƙura daga kan faifan solar.

Idan kuɗin bai cika ba, ki yi hattara da bashin bankin kasuwanci. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankuna kuwa sama da haka suke ɗorawa. Ki leƙa bankunan da ba sa ɗora ruwa, Jaiz ko TAJ ko Lotus, ki ji tsarinsu na murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar miki da ribar da aka yanke tun farko. Ki nemi a rubuta miki jimillar abin da za ki biya, ki gwada da na Bankin Masana'antu.

Tambaya daga Kantin Kwari: "Baba ya damƙa mini aikin buɗe reshe na biyu. An ce wata uku, ga shi mun shiga na bakwai, kuɗi na fita ba a san iyaka ba. Wani ya ce in sayi manhajar kula da ayyuka."

Ɗan'uwa, ajiye kuɗin manhajar tukuna. Takarda ɗaya ta isa, ko shafin Excel a wayarka. Ka jera abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, kafinta, wayarin, fenti, kanta, zuba kaya. Gaban kowanne ka sa sunan mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kansa, da ranar gamawa, da kuɗinsa. Ka buɗe wa reshen asusu na daban, domin muddin ana zarar kuɗin gini daga cinikin babban shago, ba kai ba Baba ba wanda zai san nawa aikin ya ci, kuma jarin atamfa ne ke narkewa. Daga yau kada a biya ma'aikaci sai ka je ka ga abin da ya gama da idonka.

Ran Asabar, bayan an rufe kasuwa, ka kai wa Baba takardar ku duba tare, ka roƙe shi ya yanke iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, kuma duk wani ƙarin aiki da wani zai kawo, ko da kawunku ne, sai an rubuta kuɗinsa Baba ya amince kafin a taɓa.