Amsa kan zanen allolin Girkawa a bangon gidajen Italiya

Malam, ka tambaya me ya sa Kiristocin Italiya suka cika bangon gidajensu da zanen allolin Girkawa da Romawa. Ba bauta musu suke yi ba. A ƙarni na 15 da na 16 masu ilimi sun koma karanta tsofaffin littattafan Latin, musamman waƙoƙin Ovid, mawaƙin tsohuwar Roma, sai attajirai suka ɗauki labaran a matsayin ado da shaidar wayewa.

Dubi gidan Agostino Chigi, babban ɗan banki a Roma, wanda yau ake kira Villa Farnesina. A nan mai zane Raphael ya zana Galatea, aljanar teku a tatsuniyar Girkawa, wajen 1512, tana tsaye a kan ƙwaryar kifin teku, dabbobin ruwa na jan ta. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin almajirinsa Giulio Romano a fadar Palazzo Te da ke birnin Mantua: Jupiter, babban allan Romawa, na jifan ƙattai da tsawa, duwatsu da ginshiƙai na ruftowa a kansu, tun daga rufi har ƙasa. Mai shiga sai ya ji kamar ɗakin zai faɗo masa.

Dalilin daɗewar waɗannan zane-zane kuwa, a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa ake shafa launi, ya bushe tare da bangon. Shi ya sa mai zane ke yaɓa iya abin da zai gama a yini guda.