Babur ɗina ya ƙi tashi tun da na saka masa cajar waya

Wannan fili na waya da kwamfuta ne, amma a makon nan wasiƙu huɗu suka shigo duk a kan ƙaramin babur, irin wanda ba a canja masa giya, wanda 'yan'uwanmu Larabawa a nan Sudan ke kira motar. Na ga bai kamata in ture su gefe ba. Batir batir ne, waya waya ce, kuma uku daga cikin masu tambayar da babur ɗin suke neman abincin iyali.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Gadarif: Malam, barka da aiki. Saboda matsalar wuta na sa wani yaro ya haɗa mini cajar USB a jikin babur. Tun daga nan, in ya kwana biyu ba a hau ba, sai in danna sitata in ji "ƙas" kawai. In na buga kik yana tashi. An ce in sayi sabuwar sitata.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Tunda kik na tayar da shi, inji lafiya lau yake. "Ƙas" ɗin da kake ji ƙarar ɗan makunnin da ke tura wa sitata wuta ce. Shi ya yi aikinsa, ƙarfin da zai juya injin ne babu. Zargina yana kan batir, kuma cajar nan ce ke shanye shi. Masu haɗawa da yawa kai tsaye suke ɗaura ta a kan batir, to ko ka zare makulli tana nan tana tsotsa kaɗan-kaɗan, musamman mai 'yar fitila ko mai nuna lamba. Batirin irin wannan babur kuwa ɗan mitsitsi ne, galibi amfiya 4 zuwa 7 yake ɗauka, ba kamar na mota ba.

Ka nemi mitar awon wuta wajen mai gyaran waya ko mai haɗa sola, ka juya ta zuwa DC 20. Da safe kafin ka tayar, ka ɗora jan tsinke a kan +, baƙin a kan −. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.0 ko ƙasa, ya kwanta. Sai ka matse birki ka danna sitata kana kallon mitar. In lambar ta zube ƙasa da 10, batirin ba ya iya ɗaukar kaya. Awo na uku shi ne bayan ya tashi: ka ɗan murɗa totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 bai motsa ba, babur ɗin ba ya caja batirinsa. In ya haura 15, dafa shi yake yi. Duka biyun suna nuni ga regileta, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, ko wayoyin da ke zuwa gare ta.

Kafin duk wannan ma ka leƙa kawunan batirin. Farin gari da ke taruwa a kansu, ko noti da ya saki saboda gargada, ya isa ya jawo wannan "ƙas". In za ka kwance, fara da wayar da ke kan −, in za ka mayar kuma ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi.

Maganin cajar kuwa shi ne a ɗauke ta daga kan batir a mayar da ita kan wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, a sa mata ɗan fis na amfiya 2 ko 3. Kada ku dogara da launin waya, ku gwada da mita. Abin da nake ji maka tsoro shi ne batirin dalma ba ya son ya riƙa kwanciya har ƙasa, ga zafin Gadarif na cin kwanansa. In an caje shi a hankali da caja mai ƙasa da amfiya 1 amma washegari ya sake faɗuwa, to ya gama, sai sabo.

Tambaya daga Maiwurno: Malam, nawa yana tashi amma da na saki totur sai ya mutu. Wani lokaci yana tafiya yana tari. Man da muke samu na galan ne da kwalba.

Amsa: Ka riga ka faɗi rabin amsar da kanka. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 mutane da yawa ba su da zaɓi sai man da ya bi ta ganga da jarka kafin ya iso gare su, kuma a hanya yakan kwashi tsatsa, yashi, har da ruwa. Cikin kafireta, inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, akwai wata 'yar ƙofa da mai ke bi lokacin da injin ke aiki a hankali, siririya kamar gashin jela. Ƙwayar yashi ɗaya ta toshe ta, babur zai mutu da zarar ka sassauta hannu.

Fara da abin da ba ya bukatar kwance komai. A ƙarƙashin kafireta akwai ƙusar zubar da mai. Ka tara farar kwalba, ka sassauta ta, ka bar man ya zubo, ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. In ka gani, tankin ma sai an juye shi. In hakan bai wadatar ba sai a sauke kafiretar, kuma a nan wayarka za ta yi maka amfani: ka ɗauki hoton kowace tiyo da kowace waya kafin ka cire. Yawancin ƙananan baburan China suna kan tsarin injin da ake kira GY6 ne, mai tiyo da yawa masu kama da juna, kuma musanya biyu kaɗai kan sa mutum ya wuni yana neman cutar da shi ya jawo ta. Ka wanke ƙofofin da maganin fesawa na kafireta da iska. Don Allah kada ka zura allura. Tagulla ce, tana da laushi, in ramin ya faɗaɗa babur ya shiga shan mai ke nan har abada.

Daga nan sai matatar iska. Ƙurar habub, guguwar nan ta yashi, ba ta barin komai, har cikin kwamfuta nakan tarar da ita ta yi kafet a kan fanka, balle babur da ke tsakiyar hanya. In ta takarda ce, a kaɗe ta ko a canja, ba a wanke ta. In ta soso ce, a wanke, ta bushe sarai, a ɗan shafa mata bakin mai a matse. Na san wasu kan cire ta gaba ɗaya su ce babur ya fi gudu. Wannan yashi ne ake ɗura wa fiston da ringi, kuma kuɗin gyaransu ya ninka na matata sau da yawa.

Fulogi ma yana magana in ka iya sauraro. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa kamar garin jabana, wato kofi, ƙonuwa na tafiya daidai. Baƙi mai toka, mai ya fi iska yawa. Fari fat, iska ta yi yawa, sai ka duba robar da ke tsakanin kafireta da inji, don zafi kan tsattsage ta. Tazarar bakinsa a GY6 milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Nan gaba ka sa 'yar matatar mai a kan tiyo, ka kuma riƙa tace man da kyalle mai tsabta. Duk wannan aiki a tsakar gida za a yi shi, nesa da murhun gawayi da yara, kuma ba a barin inji yana aiki cikin ɗaki a rufe, hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai kisa wadda ba a jin warinta.

Tambaya daga wani matashi mai kai saƙo a Port Sudan: Malam, ina ɗaura wayata a kan hannun babur don duba taswira. Yanzu kyamarar tana rawa, hoto ba ya fita, kuma da rana wayar kan daina caji.

Amsa: Ƙanena, wannan ta ba ni tausayi, don na san wayar ce ofis ɗinka, a ciki manhajar bankinka ta Bankak take. Kyamarorin wayoyi masu ɗan tsada suna da gilashi da ke lilo a kan 'yan siraran sifirin da maganaɗisu, don ya gyara rawar hannu. An yi shi ne don hannun mutum. Girgizar inji ta awa da awa tana gajiyar da shi. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a kan haka a 2021, ya ce ko a ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai robar shanye girgiza, kuma kada a daɗe. In ta riga ta fara rawa, goge manhaja ko mayar da waya sabuwa ba zai gyara ba, sai an canja kyamarar. Daina cajin kuwa kariya ce. An tsara yawancin wayoyi su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, kai kuma ka haɗa mata rana, taswira da caji lokaci guda. Shawarata ka nemi tsohuwar waya mai arha ta zauna a kan babur, babbar ta zauna a aljihu tana ba ta intanet.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Kasala: Malam, babur ɗin maigidana yana ihu amma ba ya gudu, musamman in ya ɗauko kaya.

Amsa: Hajiya, wannan alamar bel ce ko kuloci. Irin waɗannan babura bel na roba ne ke juya ƙafar baya a madadin sarƙa, in ya cinye sai ya riƙa zamewa. Maigida zai iya buɗe murfin da ke gefen hagu ya duba ko bel ɗin ya tsattsage ko ya yi santsi, ya share baƙar ƙurar da ke ciki, ya kwafe lambar da ke rubuce a bayansa don a sayo daidai shi. Kada ya shafa masa mai ko kaɗan. Canjin kuwa ya kai wa makaniki, domin notin da ke riƙe da faifan gaba da bel ke hawa yana bukatar kayan aiki na musamman, kuma in bai ɗauru yadda ya kamata ba zai iya kwancewa ana cikin tafiya.