Likita ya amsa: wane mai ne ke toshe fata har ya kawo ƙurajen fuska?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Tun da hunturu ya shigo fuskata ke bushewa, sai na fara shafa man kwakwa safe da dare. Yanzu wasu ƙananan ƙuraje sun feso min a kumatu da haɓa. Ba sa ciwo, amma in na shafa hannu sai in ji fatar duk gudaji-gudaji. Man ne ya jawo? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Man nake zargi. Kowane ramin gashi da ke fuska yana haɗe da wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo, kuma maiƙon ne ke kwaso matattun ƙwayoyin fata ya fito da su waje. In suka manne da juna suka cushe bakin ramin, sai ƙullutu ya taso. Yakan zama fari in bakin a rufe yake, ya yi baƙi in a buɗe yake iska na taɓa shi. Wannan baƙin ba datti ba ne, shi ya sa dirzawa da soso ba ta fitar da shi, sai dai ta bar miki tabo.

Man kwakwa da man koko (wato cocoa butter) suna cikin mayukan da suka fi toshe fatar mai yawan ƙuraje. Ki mayar da su ƙafa da gwiwar hannu, a can suna da amfani. A fuska ki nemi mai marar kauri wanda ke da glycerin, ki shafa kaɗan bayan wanka tun fatar na da ɗan damshi. Da dare ki wanke da sabulun ruwa mai salicylic acid kashi 2 cikin 100, ki bar kumfar ta yi kamar minti ɗaya kafin ki ɗauraye. In ya busar da ke, ki koma yi kwana ɗaya ki tsallake ɗaya. Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin bambanci, don haka kada ki yanke ƙauna a mako na biyu.

Tambaya: Likita, in na je sayen mai ko hoda, me zan duba a jikin kwalin? Na sayi wanda aka rubuta "non-comedogenic" amma ƙurajen ba su daina ba. (Wata matar aure daga Katsina)

Amsa: Hajiya, wannan rubutun yana nufin kamfanin na cewa kayansa ba ya toshe fata. Magana ce ta mai kaya, kuma babu wani gwaji guda da aka tilasta wa kowa yi kafin ya rubuta ta. Ki juya bayan kwalin inda aka jera sinadarai. Ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka biyar ko shida na farko su ne ainihin abin da za ki ɗora a fuskarki. In a cikinsu kika ga isopropyl myristate, isopropyl palmitate, myristyl myristate, laureth-4, ko acetylated lanolin, ki ajiye. Man kwakwa yakan zo da sunan Cocos nucifera, man koko kuma Theobroma cacao, man alkama Triticum vulgare. Waɗanda fatar mai ƙuraje ta fi jurewa su ne glycerin, dimethicone, niacinamide, squalane da hyaluronic acid.

Sai dai kada tsoron sunaye ya hana ki sayen komai. A 1972 ne wasu masana fata biyu a Amurka, Kligman da Mills, suka bayyana cewa kayan kwalliya na haddasa ƙuraje, kuma ma'aunin nan na 0 zuwa 5 da ake yaɗawa a intanet, mai nuna yadda kowane sinadari ke toshe fata, ya samo asali ne daga gwaji a kunnen zomo. Kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa, kuma sau da yawa sinadarin zallansa ake shafa masa. Abin da ya toshe fata yana zalla, zai iya zama bai yi komai ba in ɗan ɗigo ne aka zuba a can ƙarshen jerin. Yawansa da kaurin man gaba ɗaya su ne abin dubawa.

Gwajin da ya fi gaskiya shi ne na fatarki. Ki shafa sabon mai a gefen muƙamuƙi ɗaya kawai na tsawon mako 3 zuwa 4, kuma kada ki fara sabbin kaya biyu lokaci guda, don in ƙuraje suka fito ki san mai laifi. Sannan ki duba soson hodarki. In ya yi wata ba a wanke ba, ko an canza hoda matsalar na nan. A wanke shi da sabulu duk mako, a shanya ya bushe sarai, kuma kada a kwana da kwalliya.

Tambaya: Likita, ni a goshi kawai ƙurajen ke fito min, daidai inda gashi ya fara, sai kuma ƙeya. Ba na shafa komai a fuska. (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: Malam, duba man da kake shafa wa kanka. Man gashi mai kauri yana narkewa da zafi da gumi ya gangaro goshi, hula kuma ta danne shi a wuri ɗaya yini guda. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan nau'in, jerin ƙananan ƙuraje ne masu bin layin gashi. Rage man zuwa ɗan abin da bai wuce kan yatsa ba, ka bar tazarar yatsa biyu daga goshi, ka wanke hannu da fuska bayan ka shafa. Ka riƙa wanke cikin hularka da rigar matashin kai duk mako. Mata ma haka abin yake da man kitso da ɗankwali. Na ƙeyar kuma, in sun yi tauri suna barin tudu, wataƙila aski mai ƙwalƙwal ne ya jawo. Wannan sai likita ya gani da wuri, don tabonsa na da wuyar magani.

Tambaya: Man kaɗanya da basilin fa, su ma suna toshewa? (Wata uwa daga Sakkwato)

Amsa: A gwaji duka biyun ba su cika toshe rami da kansu ba, amma suna da nauyi, suna riƙe gumi da ƙura. A leɓe, dunduniya da gefen hanci in ya tsage, babu laifi. Yarinyar da fuskarta ke naso da maiƙo kada a lafta mata su a fuska.

Tambaya: Likita, bikina saura wata biyu. Mai gyaran jiki ta haɗa min wani mai a roba, ba rubutu a jiki. Na yi haske, amma jajayen ƙuraje sun cika min fuska da ƙirji, duk girmansu ɗaya. (Wata amarya daga Kano)

Amsa: Allah ya sanya alheri. Ƙuraje masu girma ɗaya da suka fito lokaci guda tare da haske na gaggawa, alama ce ta cewa an zuba maganin steroid a haɗin, irin su clobetasol ko betamethasone. Wannan ya wuce toshewa. Steroid magani ne mai ƙarfi na kumburin fata, yawan shafa shi yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da nankarwa. Ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata a wannan makon, ki gaya masa tsawon lokacin da kika yi kina shafawa. In an daɗe ana amfani da shi, dainawa farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja da zafi, shi ya sa ake janye shi a hankali bisa tsarin likita. Kafin nan ki dakatar da dilka da duk wani gurza a fuska. In an rubuta miki maganin ƙuraje benzoyl peroxide, na kashi 2.5 cikin 100 ya isa, kuma yana koɗar da launin mayafi da tawul, sai ki kwanta a kan farin ƙyalle. In adapalene aka ba ki, ki sanar da likitan cewa aure za ki yi, domin ba a amfani da shi ga mai ciki ko mai shirin ɗauka.