Amsar Baffa a kan surar tagulla

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, saƙonka ya same ni bayan la'asar tare da hoton da ka turo. Na daɗe ina juya wayar. Ka ce babu ƙarfe a ciki, a kwamfuta ka mulmula shi kamar yumɓu da manhajar Blender, sannan ka yi masa launin tagulla. Ko ba a faɗa ba an san Sardauna Ahmadu Bello ne, ga naɗin rawanin, ga ƙirar fuskar. Tambayarka biyu ce: me ya hana mu kafa mutum-mutumin manyanmu, kuma ko ya dace ka yi wa marigayi Malam, kakanka, irin wannan.

Kada ka ɗauka ƙasar nan ba ta san wannan sana'a ba. A nan jihar Kaduna, wajen ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka tono kan yumɓu a 1928, daga baya a 1943 wani Bature, Bernard Fagg, ya gane cewa aikin wata tsohuwar al'umma ne, wadda ta haura shekara dubu biyu. Ka leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu ka gani da idonka. Kuzar nan kuwa ita ake haɗawa da jan ƙarfe a samu tagulla. Mutanen Bini su ne gwanayen zubi: a tsara sura da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Irin waɗannan ne sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Mu ma muna da maƙeran fari, ga na Bida da farantansu da butocinsu. Sai dai duba da kyau, zane ne da dagi da ganye, ba ka ganin fuskar mutum. Dalilin yana cikin Suratu Nuhu, aya ta 23, inda aka ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Malamai sun ce mutanen kirki ne. Da suka rasu aka yi surarsu don tunawa kawai, da zamani ya tura jikoki suka koma bauta musu. Abin tsoron ke nan, kuma lura, surar mutumin da ake ƙauna ta fi ta baƙo haɗari. Shi ya sa muka ɗauki wata hanyar: muna raya mutum da suna. Ka bi Ahmadu Bello Way, ka wuce filin wasa, ka je jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962, ka shiga Arewa House, gidan da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. Ko'ina sunansa ne, babu gunki. A gida ma haka ne, ai ka san dalilin da ya sa ake kiran ƙaninka Mai Sunan Malam.

Game da aikinka, abin da na koya a zaure shi ne malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan surar abu mai rai idan tana da inuwa, gaɓoɓinta cikakku. Abin da ke kan gilashin kwamfuta ba shi da inuwar kansa, ya fi kusa da hoto, hoton Sardauna kuwa yana kan naira ɗari biyu a aljihun kowa. Amma ka ce akwai injin da zai fitar da shi a riƙe a hannu. A nan zance ya sauya. Kafin ka kai can, ka je wurin malami ka zauna, kada ka ɗauki fatawa a Facebook.

Maganar Malam daban ce, domin ba ta fiƙihu kaɗai ba ce. Mutumin nan hoto ɗaya ya yarda aka ɗauke shi a rayuwarsa, na fasfon aikin Hajji, shi ma sai da aka yi ta lallashi. Inna tana nan da ranta, har yau ba ta iya furta sunansa don kunya, balle ta wayi gari ta ga fuskarsa ta ƙarfe tana yawo a wayoyin mutane. Ni dai ban goyi baya ba. In ƙaunarsa ce ta motsa ka, allonsa da tawadarsa da butarsa suna ɗakina, zo ka ɗauki hotonsu ka yi musu tagullar. Duk wanda ya san shi zai gane.

Sai gyara ɗaya, tunda ka nemi ra'ayina. Ka sa shi ƙyalli da yawa, kamar sarƙar amarya. Tagullar gaske duhu take yi a lunguna, kore-kore ya kwanta a ninkin rawani, sai wurin da hannu ke yawan taɓawa ne ke haske. Akwai tsohon farantin Bida na Gwaggonka a Tudun Wada, wanda ba a goge shi da toka da lemun tsami ba tun bikin babarka. In ka zo ranar Juma'a ka biya ka duba shi a rana, ka taho mini da goro.

Baffanka.